Gwaggo, Gimbiya da Shanun Alhaji Sada

Ku matsa ku ba ni gefen bencin nan, ƙafata ba ta son tsayuwa. Tun ɗazu nake jin ku daga wajen mai shayi kuna ta musu a kan hotunan motoci a waya, wannan ya ce motar alfarma ta fi, wancan ya ce a-kori-kura, sai ka ce akwai wanda ya taɓa sayen ko taya ɗaya a cikinku. Kai kuma mai jar hula, da kunnena na ji ka ce tuƙi yanzu ba sana'a ba ce, zama ne kawai a taka. To sannu da aiki, direban waya. Ni Rabe, da tuƙi na ci na sha tun gemuna bai tsiro ba, ga shi yau ya yi fari fat. Kuma duka biyun da kuke wa musu na riƙe sitiyarinsu a gida ɗaya, gidan Alhaji Sada mai hatsi a nan Dutsin-Ma, Allah Ya jiƙansa. Saura kaɗan ɗayarsu ta raba shi da babban amininsa a duniya, alhali ba ta taɓa take ko kaza ba.

Aikin farko da maigidana Ilu, direban da na yi wa yaron mota, ya ba ni ba sitiyari ba ne, weji ne. Guntun katako ne mai nauyi da mariƙi, in mota ta tsaya a kan hawa ka diro da gudu ka soka shi bayan taya kafin ta zame. Na daɗe ina dakon wejin nan kafin a yarda in taɓa igiya. Igiya kuma karatu ce mai zaman kanta. Buhun gero da na dawa gaba suke zuwa, jikin kan mota, don nauyi ya zauna a tsakiya. Barkono da busasshiyar kuɓewa a sama. Awaki can baya, inda fitsarinsu ba zai taɓa hatsi ba. In ka yi ɗaurin ganganci kaya suka karkata a kwana, sai ka ji sitiyari yana fizgarka kamar jakin da ya hango gida. Bayan igiya sai jak da sifana, sannan sauraron inji. Ilu yakan rufe mini ido da hularsa ya ce in faɗi abin da ke kuka, fanbel ne ko filogi ne ke yanke wuta. In na kuskure, ƙeyata ta sha.

Amma abin da ya fi tsananta mini a kai ba inji ba ne, gaisuwa ce. Ku yi dariya, na ga haƙoranku. A wajen Ilu, direba gilashinsa a ƙasa yake, gwiwar hannunsa a kan taga, sai fa in ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Sa'anka ka danna mashi hon gajere. Dattijo ba a yi mashi hon, ɗaga ƙafa ake daga mai, a dunƙule hannu a yi mashi jinjina. In ka hango majalisa a gindin bishiya, tun daga nesa za ka rage gudu don kada ka bule mutane da ƙasa. In kuwa tabarmi ka gani a shimfiɗe a ƙofar gida, mutane sun yi jugum, to zaman makoki ne: ka kashe rediyo, ka tsaya, ka sauka ka yi addu'a, ko ba ka san mamacin ba. Da idona na ga Ilu ya juya mota da lodi a hanyar Kuki ya koma baya, don na ce mashi mun wuce wani tsoho da ya ɗaga hannu bai gani ba. Ya gaishe shi, ya ba shi haƙuri, sannan muka ci gaba.

Da na samu hannu sai Alhaji Sada ya ɗauke ni, lokacin da ya sayi a-kori-kurarsa. Fara ce, ba sabuwa ba, salansarta tana da wani irin tari da ba wanda ya iya raba ta da shi, duk makanikan garin nan sun gwada. 'Yan dako suka sa mata suna Gwaggo, wai don kowa ɗanta ne, ba ta korar kowa. Ba giyar da ban sani ba a jikinta. Na san inda take nishi, na san ranar da take son a bar ta ta ɗumama kafin a taka.

Aikin da ba zan manta ba a farkon zamana shi ne kai karsana. Alhaji ya sayi wata jar karsana a kasuwa bayan kaka, ya ce mu kai ta rugar Ardo Jaɓɓi a bayan Wurma. Ku da kuke cewa zama ne a taka, ku gaya mini yadda ake loda saniya a a-kori-kura. Shiru? To, ja da baya ake a jingina gindin mota da tudu, a saki murfin baya ya zama gada. A zuba yashi da harawa a ƙasan bodi don kofato kada ya zame. A rufe mata ido da tsumma, a ɗaure ƙahonta gajere a jikin ƙarfen bayan kan mota, don in igiyar ta yi tsawo, birki ɗaya sai ta kife. Kuma tuƙin da za ka yi, kamar kana ɗauke da ƙwai. Haka muka kai ta.

Ga waɗanda suka taso a gari ba su sani ba, ɗan kasuwa ba ya kiwon shanu a ƙofar gida. Bafillace amintacce yake ba wa riƙo. Ba takarda, ba shaida. Nono na mai kiwo, 'ya'yan da aka haifa na mai saniya, sauran kuma tsoron Allah. Ardo Jaɓɓi dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, sanda kullum a kafaɗa. Ya zaga karsanar ya shafa wuyanta, ya ce, «Ta zo gida.» Shi ke nan yarjejeniyar. Matarsa Inna Dije ta kawo mana fura da nono a ƙwarya, da ludayi biyu, nawa da na Alhaji, ba ta bambanta mai mota da direba ba. Daga wannan karsana garke ya tashi. Shekaru suka yi ta tafiya, 'ya'yansu suka girma, Alhaji da Ardo suka tsufa tare. Ardo tun daga nesa yake gane tarin Gwaggo, kafin mu iso mu tarar ya fito bakin hanya, Inna Dije kuma ta fara dama fura.

Alhaji a gaba yake zama kusa da ni, hannunsa a waje. Kuma ku ji wani amfanin a-kori-kura da ba a rubuta shi a wayarku. Duk wanda muka rage wa hanya, labari yake biyan mu da shi. Tsohuwa mai tallan daddawa ta leƙo ta ƙaramar tagar baya ta ce an yi haihuwa gidan wane. Manomi ya ce ruwa ya sauka a Makera amma bai kai Kuki ba. Wani ya ce wane ba shi da lafiya, wane kuma ya riga mu gidan gaskiya. Kafin mu je Kurfi mu dawo, Alhaji ya san inda zai je barka, inda zai je dubiya, inda zai je ta'aziyya. Mutane suna cewa Alhaji Sada akwai zumunci, kuma gaskiya ne akwai, amma Gwaggo ce kunnensa.

Sai shekarun tsoro suka zo. Ba sai na ba ku labari ba, da wayonku. Muka daina hanya bayan la'asar. Ana satar shanu, ana ɗauke mutane, gona ta nesa ta gagari mai ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka koma kallon kowane mai sanda da malafa. Ardo da kansa ɓarayi sun kore mashi shanu, amma in ya shigo kasuwa sai ka ga ana janye jiki ana ƙus-ƙus. Rugage da yawa suka tashi suka yi kudu. Shi bai tashi ba. Duk ranar kasuwa Alhaji yakan kama hannunsa a tsakiyar jama'a, ya ja shi har rumfarsa, ya zaunar da shi a kan buzunsa. Ba ya cewa komai a kai, amma kowa ya gane, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga wa Ardo murya.

A cikin wannan hali bayan Alhaji ya fara ciwo. Gwaggo ba ta da tausayi a gargada, sifirinta na ɗaukar buhu ne ba na ɗaukar tsoho ba. In mun dawo daga ƙauye sai na kama shi ya sauko. Babban ɗansa Kabiru, da ke aiki a Abuja, ya ga haka, sai ya aiko mashi da motar alfarma.

Kai, mota! Kada ku ji ina yabon Gwaggo ku zaci zan kushe wannan. Ruwan toka ce, doguwa, tana sheƙi, ranar da ta iso har 'yan acaɓa sai da suka yi mata rakiya. Yara suka sa mata Gimbiya. In an tada ta ba ka jin inji sai ka sa kunne. Kujera ta fata, ta baya tana kwanciya. Sanyi a ciki kamar randa sabuwa. Ramin da zai sa haƙoranka su haɗu a Gwaggo, ita sai ta haɗiye shi ka ji kamar an girgiza ka a zani. Gilasanta kuma baƙi wuluk, na ciki yana ganin waje in ya so, na waje ba ya ganin komai. Ga mai ciwon baya, wallahi rahama ce.

Tare da ita Kabiru ya aiko da direba, wani saurayi mai suna Nura, mai natsuwa da ladabi. Ranar da Nura ya ce in gwada, na zauna na nemi kulochi da ƙafar hagu na rasa, na danna birki da dukan ƙarfina, saura kaɗan goshina ya fasa gilashi. Nura ya danne dariyarsa ya ce, «Baba, wannan ƙafar hutu aka ba ta, ka naɗe ta.» Shi ya koya mini, kuma ban ji kunya ba, don ya san aikinsa. Umarnin da Kabiru ya ba shi kuwa shi ne: gilashi a sama, ƙofa a kulle, kada ka tsaya wa kowa a hanya, ko wa ya ɗaga hannu. Ban ga laifin Kabiru ba har gobe. Wanda ubansa ke bin waɗannan hanyoyi a irin wannan lokaci, me kuke so ya ce?

Aka raba aiki. Nura da Gimbiya suna kai Alhaji inda zai je, ni da Gwaggo aka tura mu jigilar taki da iri wajen Makera, don damina ta kawo kai. Na yi makonni ban taka hanyar Wurma ba. Alhaji kuwa da ya shiga baya ya jingina, sanyi ya buge shi, kafin a fita gari ya yi barci. Bayansa ya yi sauƙi, har ya yi ƙiba. Sai dai yakan ce mini, «Rabe, garin ya yi shiru kwanan nan, ba haihuwa ba aure.» Ni ma ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya ina duba ruwan lagireto a ƙofar gida, sai na ji kukan shanu. Na ɗago, na ga garke ya cika layin, 'ya'yan Ardo biyu magidanta suna biye da sanduna, ƙafafunsu duk taɓo. Kwana suka yi a hanya. Na gane shanun tun kafin su iso, jajayen nan duk jikokin karsanar da na kai ne. A can baya wata 'yar maraƙa tana ɗingishi, da ƙyar take bin uwarta. Mai riƙo ba ya koro shanu ƙofar mai su sai in zama ya ƙare.

Alhaji ya fito da carbi a hannu. Babban ɗan Ardo, Buba, ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, «Baffa ya ce a kawo maka amanarka. Ya ce ka duba, ba wadda ta ɓata. Gobe da safe za mu tashi, kudu za mu yi.»

Alhaji ya ce, «Tashi? Ba sallama? Buba, me na yi wa Ardo?»

Buba ya shiga tona ƙasa da sanda. Kun san kunyar Fulani, ko wuƙa aka sa mashi ba zai ce an yi mashi laifi ba. Alhaji ya yi ta tambaya. Can dai ya ce, «Ba komai, Alhaji. Tun rasuwar Inna dai Baffa bai ƙara jin daɗin wurin ba.»

«Wace Inna?»

«Inna Dije.»

Carbin ya faɗi daga hannun Alhaji. Ya yi salati ya dafa bango. Ya ce, «Dije ta rasu? Yaushe? Ya aka yi ba a aiko mini ba?»

Sai a lokacin Buba ya ɗago ya dube shi. Ya ce, «Mun zaci ka sani. Ranar addu'ar uku a bakin hanya muka zauna, gindin tsamiyar nan, jama'a sun taru. Sabuwar motarka ta zo wucewa. Baffa ya ce ga Alhaji nan, ya miƙe ya fito har tsakiyar hanya ya ɗaga sanda. Ta kauce mashi ta wuce. Da za ta dawo ma ya sake miƙewa.»

Nura yana tsaye da tsumman goge mota a hannu. Ya ce, «Alhaji, na tuna. Ranar da muka je duba gona ne. Na ga wani tsoho da sanda, na ga taro, tsoro ya kama ni na ƙara mai. Kana barci.» Har ya fara hawaye. Alhaji ya ce, «Ba laifinka, ɗana, abin da aka sa ka ka yi.»

Ku gane abin da ya faru. Ba wucewar kaɗai ba ce. A gaban manoma da makiyaya, a shekarar da ake gudun Bafillace, mutumin da ke kama hannunsa a kasuwa ya wuce shi a zaman makokin matarsa da gilashi a rufe, sau biyu. Kowa a wurin abu ɗaya ya fahimta: Alhaji Sada ma ya janye jiki. Ni kaina da na ji, sai da na ji kamar in nutse, alhali ba ni ke tuƙin ba.

Alhaji ya ce a shigar da shanun garka a ba su ruwa, a ba baƙi abinci. Sannan ya ce a fito da mota. Nura ya ruga ya kawo Gimbiya ya buɗe ƙofar baya. Alhaji ya dube ta ya girgiza kai. Ya ce, «Rabe, tada Gwaggo.» Na buɗe mashi gaba, ya ce a'a, a shimfiɗa mashi tabarma a baya. Na ce, «Haba Alhaji, bayanka fa? An yi ruwa jiya, hanyar nan ta lalace.» Ya ce, «Ban tambaye ka labarin hanya ba.» Ban taɓa jin ya yi mini magana haka ba. Na jera buhunan dusa biyu jikin kan mota don ya jingina, na ɗora tabarma, muka ɗaga shi ni da Nura. Na jefa shebur da katako da igiya. Kabiru ya bugo waya yana roƙo, Alhaji ya ce mashi, «Allah Ya yi maka albarka, motarka ba ta yi mini komai ba sai alheri. Amma yau so nake a gan ni.»

Ban taɓa tuƙi mai wuya irin na ranar ba, har da na karsana. In na yi sauri, tsoho zai karye. In na yi sanyi, la'asar ta same mu a daji. Kowane rami sai na karanta shi tun daga nesa, in sa taya ɗaya a gefensa, in saki birki daidai lokacin da za ta faɗa don kada baya ya yi tsalle. Duk da haka ina jin nishinsa ta ƙaramar taga. Amma duk majalisar da muka wuce, hannunsa a sama yake. Daga Dutsin-Ma har Kurfi, daga Kurfi har muka saki kwalta, mutane suna miƙewa suna mamaki, Alhaji Sada da babbar riga a bayan a-kori-kura kamar buhun gero. Wata tsohuwa ta ɗaga mana hannu da ƙullin kaya, ya buga rufin mota ya ce in tsaya. Ta hau ta zauna gefensa, kafin ta sauka ta ba shi labarin rasuwa biyu da haihuwa ɗaya da duk suka wuce shi.

A ƙoramar da ke gaban Wurma ruwa ya janye ya bar yashi mai laushi. Na sauka na taka da ƙafa na nemi inda ya yi tauri, na rage wa tayoyin baya iska don su baje, na sa giya ta biyu na shiga ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Ta yi tari, ta yi wutsil-wutsil da gindi, ta fita. Gimbiya da cikinta a ƙasa, nan za ta kwana. Wannan ba aibu ba ne, ba don nan aka ƙera ta ba.

Muka tarar an fara kwance bukkoki. Mata suna ɗaure ƙore a cikin raga, an tara turame da tabarmi wuri ɗaya. Ardo yana zaune gindin tsamiyar a kan buzu, ya ba hanya baya. Na san ya ji tarin Gwaggo tun muna ƙorama, amma bai fito ba. Karo na farko ke nan tun da na san shi. Na kashe mota. Alhaji ya ƙi a sauke shi a ɗauke, ya zamo da kansa ta murfin baya, ya kasa miƙewa sosai, haka ya taka a sunkuye. Ya cire takalmi tun daga nesa. Ya zauna a ƙasa, ba a kan buzun ba.

Suka gaisa kamar ba abin da ya faru, lafiyar iyali, lafiyar dabbobi, ya ruwa. Sannan Alhaji ya ɗaga hannu ya yi wa Inna Dije addu'a, doguwa, muka shafa. Alhaji ya ce, «Ardo, yau da safe na ji. Ranar nan barci nake a cikin motar, ban gan ka ba. Ba na ce wannan hujja ba ce. Ni na shiga abin da ba zan gan ka ba.»

Ardo ya dubi ƙasa. Ya ce, «Ni ma ban gan ka ba, Alhaji. Na leƙa gilashin da kyau don in gan ka. Kaina na gani a jiki, wani tsoho ya ɗaga sanda a tsakiyar hanya, mutane suna kallonsa.»

Wallahi sai da na juya baya na share ido da hula. Alhaji kuwa hawaye kawai ke bin gemunsa. Ardo ya dubi yadda yake zaune a karkace yana dafe da ƙugu, ya dubi Gwaggo, ya ga tabarma da buhunan dusa a baya. Ya ce, «A nan ka zauna tun daga Dutsin-Ma?» Alhaji ya ɗaga kai. Ardo ya matsa gefe, ya ja buzun ya tura mashi rabi. Ya kira surukarsa da Fillanci, ba a jima ba sai ga ƙwarya da ludayi biyu.

Alhaji ya roƙe shi ya fasa tafiya. Ardo ya ce a'a, yara sun riga sun gano wuri, shanu ba za su kai wata damina a nan ba, kuma shi ba zai iya kwana inda Dije ba ta nan ba. Alhaji ya sunkuyar da kai, bai yi ƙarfin halin tambayar shanun ba, ni ma na ɗauka magana ta ƙare. Rana ta fara karkata, na ce mu kama hanya. Ardo ya rako mu har mota, ya kama Alhaji da kansa ya sa shi a gaba, ya ce baya ba wurinsa ba ne. Ya zagayo wajena ya dafa taga.

Ya ce, «Rabe, za mu ƙara kwana biyu kafin mu tashi. Ka ce wa Buba su huta gobe, jibi su koro shanun, za su bi mu kudu. Amma 'yar maraƙar nan mai ɗingishi kada a sa ta a hanya, ba za ta iya tafiyar sau biyu ba. Kai za ka kawo mini ita a mota. Ka zuba yashi a ƙasa, ka ɗaure ta gajere.»

Na ce, «Ardo, ni za ka koya wa?» Ya yi murmushi, rabon da a ga haka wai tun rasuwar.

Wannan tafiya ta kwantar da Alhaji, kuma Gimbiya ce ta yi ta kai shi asibiti a Katsina a kwance, ba ta girgiza shi ko sau ɗaya ba. Da Gwaggo ce da ta ƙarasa shi. Shi ya sa in kun tambaye ni wadda ta fi, ba zan ba ku amsar da kuke so ba. Amma tun daga ranar har Allah Ya karɓi abinsa, bai ƙara yarda a ɗaga gilashin motar nan ba. Sanyi yana aiki, mai yana ƙonewa a banza, Nura yana gunaguni ƙasa-ƙasa, hannun Alhaji yana waje. In barci ya fara ɗaukarsa sai ya ce, «Nura, in ka ga tabarma a bakin hanya, ka tashe ni.»

Maraƙar kuwa na kai ta washegari da hantsi, ni kaɗai. Tun ina ƙorama na hango shi ya fito bakin hanya, sanda a kafaɗa, yana jira.